Yadda waya za ta taimaka wajen kula da haƙoran kyanwa

Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Tana iya ci gaba da cin abinci alhali bakinta na yi mata zafi, shi ya sa masu ita ba sa lura sai haƙori ya lalace. Wayar hannu na iya taimakawa a gano matsalar da wuri.

Babbar kyanwa tana da haƙora 30. Dattin da ke manne musu yakan daskare cikin 'yan kwanaki, daga nan dasashi ya fara kumbura.

Sau ɗaya a wata, sai a kunna tocilar waya, a ɗaga leɓen kyanwar a hankali, wani ya ɗauki bidiyo. Bidiyo ya fi hoto, domin kyanwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Daga baya a tsayar da shi a duba, a kwatanta da na watan jiya. Jan dasashi, warin baki, dalalar miyau ko tauna da gefe ɗaya duk alamu ne na ciwo.

Za a kuma iya saita ƙararrawa domin goge mata haƙora kullum da buroshi mai laushi da man da aka yi don kyanwa. Makilin ɗin mutane yana cutar da ita, farasitamol kuwa yana iya kashe ta.

Kyamara ba ta ganin saiwar haƙori. Da an ga canji, a kai ta wurin likitan dabbobi tare da bidiyon.