Kangon Gidan Gwamna Lugga A Zungeru

Duk wanda ya ratsa ciyawa ya isa kangon gidan Gwamna Lugga a Zungeru, cikin Jihar Neja, ba abin da zai tarar sai ginshiƙai da tubalan da suka zube. Haka ofisoshin sakatariya suke, ba rufi, ba ƙofa, ƙadangaru ne ma'aikatan. Amma fa daga nan aka mulki Arewa tun 1902, daga nan kuma Lugga ya ba da umurnin yaƙin Haɗejiya na Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Da hedkwata ta koma Kaduna, sai aka juya wa garin baya. Ko gadar ƙarfen ma kwance ta aka yi a 1954, aka kai Kaduna. Sauran ginin kuwa, kowace damina sai ta ɗebi rabonta.