Ziyarar Damagaram da iyali: abin da za a gani, a ci, a kuma kiyaye

 Tun da aka gama kaka mutane ke tambayarmu ina za a kai yara idan lakwal ta ba da hutu. Wani ɗan'uwa da ke aiki a Aljeriya ma ya aiko saƙon murya, ya ce yana son ya turo wa iyalinsa kuɗin tafiya, amma ba ya son ta ƙare a gaisuwar dangi da sayen atamfa kawai. To, ni na kai nawa iyalin Damagaram, kuma ga abin da nake ganin zai amfani mai niyya.

Me ya sa Damagaram?

Na farko, babu ƙetare iyaka, babu canjin kuɗi, kuma Hausa ake yi. Na biyu, gari ne mai tarihin da ake iya taɓawa da hannu. Shi ne babban birnin Nijar a zamanin Turawa daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da mulki Yamai. Tun kafin nan kuwa masarauta ce mai ƙarfi, wadda ayarin raƙuma daga Agadas da arewacin hamada ke yada zango a cikinta kafin su wuce Kano.

Akwai kuma dalili na uku. A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Ginin ƙasa ba ya jiran kowa. Abin da ka ce za ka nuna wa ɗanka baɗi, wata damina ɗaya tana iya riga ka.

Hanya

Daga Dakoro zuwa Maradi ta Kornaka wajen kilomita 120 ne, daga Maradi zuwa Damagaram kuma kusan 240, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takyeta. Mai yara ya yi sammako, ko ya kwana Maradi ya kama motar safe. Kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, a ɗauki takardun haihuwar yara, don akwai shingayen bincike. Idan kun kusa shiga gari za ku ratsa Tirmini. Ku tashi yaran daga barci ku gaya musu nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka kara da sojojin Faransa a 1899, shekara ɗaya bayan an kashe Kaftin Cazemajou a Damagaram.

Shawarata a isa ran Laraba, saboda ranakun da ke biye kowace da abinta.

Alhamis: kasuwa

Alhamis ce babbar ranar kasuwar Dole. Mu mutanen Dakoro ba a koya mana kasuwar dabbobi, don haka kada ku ɓata yini a can. Ku nufi wajen masu kayan fata: takalma, jakunkuna, zabira, titimi. Ku duba kanwa da gishirin Bilma da dabino, ku bari yara su tambayi daga ina suka fito. Daga wannan tambaya ake shiga labarin fatauci ba tare da an buɗe littafi ba.

A yi ciniki a tsanake. Ni kaina na saya wa uwargida jaka a rumfar farko da muka tsaya, muka ƙara taku kaɗan sai ga irinta a ƙasa da haka. Har muka dawo gida ana yi mini dariya. Ku zagaya tukuna, sannan ku ciro kuɗi.

Juma'a: Birni

Birni ita ce tsohuwar unguwa, inda fadar sarki take. Sunan da za ku yi ta ji shi ne na Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. A zamaninsa aka kewaye garin da ganuwa, har igwa ake ƙerawa. Yau ganuwar saura gutsattsari, amma lungunan suna nan, da gidaje masu zanko da zane a fuskar bango, da manyan duwatsun da garin ya zauna a tsakaninsu.

Fada gidan mutane ne, kuma wurin shari'a da sulhu. A yi sallama wajen dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, a bi abin da suka ce. Kada a ɗaga salula a kama hoto sai an nemi izini. Ranar Juma'a gari na cika, don haka a tafi masallaci da wuri, a riƙe hannun ƙananan yara, a kuma sanya wurin haɗuwa idan an rabu. Bayan an sauko, ku nemi wani dattijon unguwa ya nuna muku wurin tsohon masallacin. Ɗiyata mai shekara 9 ta tambaye ni me ya sa ba a yi shi da siminti ba. Sai na tuna mata ɗakin kakarta da ake yi wa yaɓe kowace shekara: ginin ƙasa yana daɗewa ne muddin ana kula da shi.

Asabar da Lahadi

Asabar ku shiga Zango, unguwar da fatake ke sauka a da. Idan yara na jure wari, ku kai su majema su ga yadda ake jiƙa fata, a kankare gashi, a jeme ta da bagaruwa. Wanda ya ga wannan wahala ba zai ƙara raina kuɗin takalmi ba. Lahadi kuwa kasuwar Mirya ce, wajen kilomita 18 gabas da gari, inda aka san su da tukwane da tuluna.

Abinci

Kilishi na kan gaba, shi ne kuma tsarabar da ba ta lalacewa a hanya. Akwai alkaki da nakiya, akwai dambu da kwaɗon zogale, da dare kuma tsire da balangu. Abu biyu kawai: a saya wa yara abinci mai zafi da aka sauke a gabanku, fura kuma a san da ruwan da aka dama ta. Damagaram ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwan famfo, musamman da bazara. Shi ya sa lokacin sanyi ya fi dacewa da wannan tafiya. Idan gidan dangi kuka sauka, ku tuna kowane bokiti na iya zama na saye ne. A yi tattali, kuma a taimaka da kuɗin ruwa ba sai an roƙa ba.

Ga ƴan'uwa na waje

Ku da ke Najeriya, Libiya, Aljeriya, Kwaddibuwa ko Gana, idan za ku turo kuɗi, ku raba su gida huɗu: mota zuwa da dawowa, abinci, tsaraba, da na ko-ta-kwana saboda rashin lafiya ko lalacewar mota. Kuɗin dawowa a ware su tun daga gida, kada su shiga kasuwa. Kuma kada a sayar da hatsin rumbu don yawon buɗe ido. Wanda bai samu hali bana ba, Tibirin Gobir da fadar Katsinan Maradi suna kusa, ana zuwa a dawo a yini ɗaya ko biyu.

Wanda ya taɓa kai iyalinsa Damagaram, ko ɗan can da ke zaune a nan Dakoro, ya aiko mana da saƙon murya ya ƙara abin da muka bari, za mu saka a shiri. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.