Daga Legas Zuwa Cork: Yadda Chiedozie Ogbene Ya Fara Taka Leda

Duk wanda ya tashi a ƙasar da ba nan kakanninsa suka fito ba ya san tambayar nan da ba ta ƙarewa: kai ɗan ina ne? Mu da muke zaune a zango mun saba jin ta. Shi ya sa a wannan watan muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wani yaro da ya amsa ta a filin ƙwallo.

An haifi Chiedozie Ogbene a Legas a shekarar 1997. A 2005 iyalinsu suka koma birnin Cork a kudancin Ailan, inda mahaifinsa ya sami aikin jinya. Yaron ya tarar da wasan da mutanen ƙasar suke ji da shi, wato ƙwallon gargajiya ta Gelik. Ana yin ta da mutum 15 a kowane ɓangare, ana kama ƙwallo da hannu, ana kuma buga ta da ƙafa. Wanda ya cilla ta sama da sandar raga ya ci maki 1, wanda ya jefa ta cikin raga ya ci 3. Ogbene ya shiga ƙungiyar Nemo Rangers, ya kuma yi fice saboda gudunsa.

To, amma akwai matsala. Ƙwallon Gelik ba a biyan 'yan wasanta albashi, komai sunansu. Don kishin unguwa da gunduma ake yi. Yaron da yake son ƙwallo ta zama sana'arsa dole ya zaɓa. A 2015 ya zaɓi ƙwallon ƙafa da ƙungiyar Cork City. A ganinmu wannan shi ne mataki mafi wuya a rayuwarsa, domin ya bar wasan da ya sa 'yan gari suka rungume shi, ya kama wanda ba shi da tabbas.

A 2016 Cork City ta ci kofin ƙasa bayan ta doke Dundalk da ci 1 da nema, Ogbene ya shigo daga benci. Zaman benci bai gamshe shi ba. Ya bar babbar ƙungiya ya koma Limerick a 2017 don ya riƙa buga wasa kowane mako, kuma daga can ne Brentford ta Landan ta ɗauke shi a farkon 2018. Nan ma ƙofa ba ta buɗe sosai ba, aka ba da aronsa ga Exeter City, sannan a 2019 ya koma Rotherham United, inda ya sami gindin zama.

Ranar 8 ga Yuni 2021 ya shigo wasan sada zumunci da Hangari a Budapest, ana dab da tashi. Da wannan ya zama mutum na farko haifaffen Afirka da ya buga wa babbar ƙungiyar Ailan. Kafin a fara wasan kuwa, wasu 'yan kallo sun yi wa 'yan Ailan ihu saboda sun durƙusa don nuna ƙin wariyar launin fata. Aka tashi babu ci. Bayan wata huɗu ya ci wa Ailan ƙwallonsa ta farko, a wasan da suka doke Azabaijan 3 da nema a Baku.