Kowace Ƙwarya da Abokiyar Burminta: Kimiyyar Haɗa Bututun Bindiga da Gangar Jikinta

Gabatarwa

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai maƙera a Dogon Daji da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe su shiga wani sabon aiki. Manomin da ya jingine garma yakan sauko da bindigarsa ta toka daga inda ya rataye ta tun farkon damina, ya kai ta maƙera domin a duba ta kafin lokacin farauta. Wata ƙotarta ce gara ta ci, wata kunamarta ce ta saki, wata kuwa bututun ne ya yi tsatsa. A nan ne akan ji wata tambaya: shin ana iya cire bututun wannan bindiga a ɗora wa waccan? Sau da yawa amsar da ake bayarwa ita ce, in dai ya shiga ai shi ke nan. Kimiyya ba ta gamsu da wannan amsa ba, domin kuskure a nan yana iya cin yatsu, ko ido, ko ma rai ɗungum.

Kowace bindiga tana da manyan sassa uku. Akwai bututu, wato ƙarfen da harsashi ke bi ya fita. Akwai gangar jiki, wadda ke riƙe da kunama da sauran ƙananan ƙarafa, kuma ita ce ke toshe bayan bututu a bindigogin zamani. Sannan akwai ƙota, wato icen da maharbi ke riƙewa. Kafin a ce bututu ya dace da gangar jiki, sai an amsa tambayoyi biyu. Ta farko, ya shiga daidai? Ta biyu, gangar jikin za ta iya ɗaukar ƙarfin da zai turo mata?

Tambaya ta farko: awo

Maƙerin gargajiya yana ƙera kowace bindiga ita kaɗai. Yakan goge wannan ƙarfe da zarto har sai ya zauna a kan wancan, don haka kunamar bindigar Tanko ba lalle ba ne ta yi aiki a bindigar Jatau, ko da hannu ɗaya ne ya ƙera su. Haka abin yake a Turai ma har zuwa ƙarshen ƙarni na 18. A shekarar 1785 wani maƙerin Faransa mai suna Honoré Blanc ya warware makunnin bindigogi 50, ya ware sassan kowane iri wuri guda, ya nuna cewa duk wanda aka ɗauka zai shiga cikin ɗan'uwansa. Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, ya haɗa wasu da hannunsa, ya kuma rubuta wa gwamnatinsa labari. A shekarun 1820 John Hall ya tabbatar da wannan tsari a masana'antar Harpers Ferry ta Amurka, ta hanyar amfani da injuna da ma'aunai tsayayyu a maimakon ido da ƙiyasi. Wannan dabara ta musayar sassa ita ce ta sa a yau mai keke ko babur a Tambuwal ke sayen noti a kasuwa ya ɗaura ba tare da an ƙera masa nasa na musamman ba.

Bindiga ɗaya, bututu da yawa

Misalin da ya fi fito da wannan ilimi fili shi ne wata ƙaramar bindigar hannu ta wasan harbi mai suna Contender, wadda Warren Center ya tsara, kamfanin Thompson/Center na jihar New Hampshire ta Amurka ya fitar da ita kasuwa a shekarar 1967. Harsashi ɗaya take ci, kamar bindigar toka, sai dai ita ta baya ake ɗura mata. Bututunta yana haɗe da gangar jiki ta hanyar wata ƙusa guda, yana karyewa ƙasa kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan maƙyallinsa. Idan aka cire icen da ke ƙarƙashin bututun aka zare ƙusar, sai a ɗora wani bututun mai cin wani harsashi dabam, kamar dai yadda manomi ke sauya ruwan fartanya a kan ƙota ɗaya. Da yake abin saiti a jikin bututun yake, kowane bututu yana tafiya da saitinsa. Wannan ya sa ta karɓu ga masu gasar harbin gumakan ƙarfe, inda ake jera siffofin kaji da aladu da talotalo da raguna a nisan mita 50 da 100 da 150 da 200, maharbi ya yi ƙoƙarin kayar da su.

Bayan kimanin shekara 30 kamfanin ya fito da wata mai suna Encore, wadda gangar jikinta ta fi kauri da nauyi. A ido kamar Hassan da Husaini suke, amma bututun ɗaya ba ya shiga gangar ɗayar, domin hatta ƙusar da ke haɗa su ta Encore ta fi kauri. Akwai kuma sabon zubin Contender da ake kira G2, wanda ke karɓar akasarin tsofaffin bututun Contender amma ba ya karɓar na Encore. Saboda haka mai neman gangar jiki ba ya farawa da wadda ta fi ba shi sha'awa. Yana farawa ne da duba irin bututun da yake da shi da irin harsashin da bututun ke ci, sannan ya nemi gangar da aka yi dominsu. To, me ya sa aka raba su haka?

Tambaya ta biyu: ƙarfi

Idan kunama ta saki, garin da ke cikin kwanson harsashi yakan ƙone cikin kimanin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, ya zama iska mai zafi. Wannan iska tana matsa kowane ɓangare: tana tura harsashi gaba, tana tura bangon bututu gefe, tana kuma tura gindin kwanso baya zuwa ga gangar jiki, wato zuwa ga fuskar maharbi. Ɗaliban fiziks sun san ƙa'idar: ƙarfin turi shi ne matsi sau faɗin wurin da matsin ya faɗa wa.

A ɗauki harsasai uku, a yi amfani da iyakar matsin da masu ƙera makamai na Amurka suka ƙayyade wa kowannensu. Harsashi mai lamba .223 yana kai matsin kimanin kilogiram 3,870 a kan kowane murabba'in santimita. Domin a gane girman wannan, iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce kilogiram 2 da ɗoriya ba. Amma gindin kwansonsa siriri ne, faɗinsa milimita 9.6, wato fili na murabba'in santimita 0.72. In aka ninka, turin da ke komawa baya ya kai kimanin kilogiram 2,800, nauyin buhun gero 28 ke nan masu kilo 100. Harsashi mai lamba .30-30 gindinsa ya fi faɗi, milimita 10.7, amma matsinsa bai wuce 2,950 ba, don haka turinsa kimanin kilogiram 2,650 ne. Dukkan biyun ana yi wa Contender bututunsu.

Na uku shi ne mai lamba .308. Matsinsa kimanin 4,360 ne, wato bai ɗara na .223 da yawa ba. Sai dai faɗin gindinsa milimita 12 ne, fili na murabba'in santimita 1.13. Sakamakon ya haura kilogiram 4,900, buhu 49 ke nan. Ƙarin milimita 2.4 kacal a faɗi, tare da ɗan ƙarin matsi, ya kusa ninka nauyin, domin filin da'ira yana ƙaruwa ne da faɗi sau faɗi. A nan linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, kuma irin wannan harsashi ne aka yi Encore dominsa. Lissafin nan kintace ne, tun da kwanso yakan kumbura ya kama bangon bututu ya rage wani abu daga turin, amma ya isa ya nuna bambancin.

Wani abin lura shi ne ƙarfen da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa ba dole ne ya fashe a karon farko ba. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya ga abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Kowane harbi yana ɗan miƙar da gangar jiki ko ya buɗe wata 'yar tsaga da ido ba ya gani, har ranar da za ta ce ga garinku. Saboda haka ne ƙasashe da dama suka kafa gidajen gwajin bindiga, kamar na Birmingham a Ingila da aka kafa a 1813. A irin waɗannan gidaje ana harba bindiga da matsin da ya ɗara na yau da kullum da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, a bincika ta, sannan a buga mata hatimi.

Darasi ga Dogon Daji

Bindigar toka ta baki ake ɗura ta, kuma bayan bututunta a toshe yake da ƙarfe. Wannan toshiya ita ce ke yin aikin da gangar jiki ke yi a Contender, kuma ita ce ke daf da idon maharbi. Ramin bututun yana da faɗi, don haka ko matsi kaɗan yana haifar da babban turi a kanta. Abin da ya sa take zaman lafiya da mai ita shi ne albarushin gargajiya ba ya kai matsin garin zamani. Shi garin zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙira a Faransa a 1884, ya ninka albarushi ƙarfi kimanin sau uku. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka ya yi daidai da wanda ya ɗora bututun .308 a gangar da ba tasa ba: abu ya shiga, amma ƙarfe ba zai ɗauka ba. Haka nan ƙara mudun albarushi, ko harbi da bututun da laka ta toshe bakinsa, ko wanda tsatsa ta cinye cikinsa. Bututun famfo kuwa an yi shi ne domin matsin ruwa, kuma yawanci yana da layin walda daga kai har gindi, inda nan ne yakan tsage.

Ya kamata kuma a san matsayin doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya ƙananan bindigogin hannu cikin makaman da aka haramta mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ita ma bindigar toka Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yana iya hana mallakarta sai da lasisi, kuma ƙira da gyara duk suna buƙatar izini.

Gwaji a cikin aji

Malami na iya nuna wannan ƙa'ida ba tare da ko ƙwayar albarushi ba. A sami sirinji biyu sababbi marasa allura, ƙarami da babba, a haɗa bakunansu da siririn tiyo, a cika su da ruwa. Ɗalibi ɗaya ya danna ƙaramin, wani ya yi ƙoƙarin tare babban da babban yatsansa. Matsin ruwan ɗaya ne a dukkan ɓangarorin, kamar yadda Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, amma mai riƙe da babban sirinji zai ji an fi ƙarfinsa, ko da kuwa ya girmi abokin nasa. Daga nan sai ɗalibai su auna faɗin kowane sirinji, su lissafa filinsa, su gano sau nawa turin ya ninku.

Kammalawa

Tambayoyin nan biyu ba su tsaya ga bindiga ba. Da su ake duba kan tukunyar gas, da tayar da za a sa wa motar ɗaukar kaya, da wayar lantarkin da za a ja wa injin niƙa. Awo yana nuna ko abu zai shiga, lissafi kuma yana nuna ko zai ɗauka. Ɗalibin da ya iya ninka matsi da fili yana da abin da zai gaya wa mahaifinsa ko yayansa kafin su tafi maƙera a wannan kaka.