Katin Biki da Haruffan da Ba Su San Ƙugiya Ba

A Kamazou da ke ƙaramar hukumar Chikun, kamar sauran unguwannin kudancin kogin Kaduna, da wuya a yi aure ko suna ko bikin godiya a coci ba tare da an buga kati ba. Sunan ango da amarya kuwa kusan kullum da haruffa masu kama da rubutun hannu ake sa shi: siraran layuka da suka ɗan karkata dama, kowane harafi ya riƙe na gabansa, na farko ya ja doguwar jela. Ido na gani zai ji kamar mutum ne ya zauna ya rubuta don girmama wanda aka gayyata.

Sai dai kowane ado da muhallinsa. Wannan salo ya dace da suna ko gajeren take. Kwanan wata da adireshi da lambar waya suna buƙatar miƙaƙƙun haruffa, haka ma allon shago da za a karanta daga cikin Keke Napep. In kuma aka jera shi da manyan baƙaƙe zalla, jela kan hau jela har karatu ya gagara.

Babbar matsalar ita ce yawancin salailan haruffan nan na ado don harsunan Turai aka zana su, ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Shi ya sa za ka ga Ɗanladi ya rasa ƙugiyarsa, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar suna.

Gyaran ba gagarau ba ne. Hermann Zapf na Jamus, wanda ya zana shahararren salon Zapfino da ya fito a 1998, ya sa hannu tun a shekarun 1980 wajen tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan Najeriya, har da masu ƙugiya. A ɓangaren Ajami ma an gani a aikace. Rubutun Kano mai kauri, wanda Sharif Bala Gabari ya yi suna da shi wajen rubuta Alƙur'ani, yana bin tsarin Warash: ɗigon fa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon Alkalami bisa wannan rubutu, kuma kyauta ake sauke shi.

Saura salon rubutun hannu na boko. Ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da matasan da ke tsara katuna a Kaduna za su iya zana mana salon rubutun hannu mai cikakkun haruffanmu. Kafin nan, duk mai buga kati ya nemi a nuna masa samfuri, ya duba kowace ƙugiya kafin inji ya tashi. Sunan mutum ya cancanci a rubuta shi daidai, musamman a ranar farin cikinsa.