Mahaɗar bututun madaciya da ta kauce: abin da ke gaskiya, abin da ke ƙarya

Akwai wata matsalar ciki da ake haihuwar mutum da ita, amma sau da yawa sai ya manyanta ake gano ta, kuma maganganun da ake yi a kanta sun cakuɗe. Hanta na sarrafa ruwan madaciya ta turo shi ta wani bututu. Fankiriyas, wadda ke kwance bayan tumbi, ita ma tana turo ruwan narkar da abinci ta nata bututun. A ƙa'ida su biyun suna haɗuwa ne a cikin bangon farkon ƙaramin hanji, inda wata tsoka mai suna Oddi ke buɗewa da rufewa. A jikin wasu mutane mahaɗar takan kauce zuwa wajen bangon, inda tsokar ba ta da iko. Da yake matsin bututun fankiriyas ya fi ƙarfi, ruwanta sai ya dinga haurowa cikin bututun madaciya, yana cin bangonsa shekara da shekaru.

Wai cin maiƙo ko shan giya ne ke jawo ta? Ƙarya ne. Tun jariri na cikin mahaifa aka gina mahaɗar haka, don haka babu ƙauracewa abincin da zai gyara ta, babu jiƙon da zai mayar da ita wurinta. Cewa kuma cutar yara ce kaɗai, shi ma kuskure ne. Yara kan zo da ciwon ciki, amai da shawara, amma manya da yawa ba sa jin komai har sai hoton ciki ya nuna bangon madaciya ya yi kauri. Abin da ke gaskiya shi ne ta fi yawa a Gabashin Asiya, musamman Japan da Koriya, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku.

A wasu masu matsalar bututun madaciya yakan kumbura, a wasu kuma ba ya kumbura. Jita-jitar da ta fi haɗari ita ce wadda ta fi kama da hankali: idan bututun bai kumbura ba, ai da sauƙi. Alƙaluman Japan sun nuna akasin haka. A rajistar ƙasar ta marasa lafiya 2,561 daga 1990 zuwa 2007, an samu ciwon daji a kashi 21.6 cikin ɗari na manyan da bututunsu ya kumbura, amma kashi 42.4 ne a waɗanda nasu bai kumbura ba, mafi yawansu a madaciya. Ana ganin dalilin shi ne: ruwan fankiriyas na taruwa a madaciya ya jima a kwance, ga shi babu kumburin da zai sa a yi zargi da wuri. Kuma dajin kan zo shekara 15 zuwa 20 kafin lokacin da aka saba ganinsa.

Sai dai kada wannan ya koma wata ƙaryar, wato duk mai matsalar daji ya riga ya kama shi. Waɗannan alƙaluma na mutanen da suka isa asibiti ne, wasunsu ma dajin ne ya kai su aka gano mahaɗar. Haɗarin babba ne, amma tiyatar rigakafi na rage shi matuƙa.

A nan ma akwai tsoron da ba shi da tushe, cewa ba a rayuwa ba madaciya. Ana rayuwa lafiya lau. Hanta ce ke yin ruwan, madaciya ajiya kawai take yi. Wanda bututunsa bai kumbura ba, ana cire masa madaciya, ko da yake likitoci ba su daidaita kan cire bututun da kansa ba. Wanda nasa ya kumbura, ana cire bututun da madaciyar a haɗa hanta da hanji kai tsaye. Tsohuwar dabarar barin kumburin a buɗe shi cikin hanji an yi watsi da ita, domin daji na fitowa a wurin da aka bari. Bayan tiyatar ma ba a sallamar mutum gaba ɗaya: tsakuwa ko ƙwayar cuta na iya tasowa bayan shekaru, shi ya sa ake ci gaba da dubawa.

Hoton ciki na yau da kullum ba ya nuna mahaɗar sosai. Wani hoto na musamman mai suna MRCP na iya fito da ita. Idan aka ce maka bangon madaciyarka ya yi kauri alhali babu tsakuwa a ciki, tambayi likita ko akwai buƙatar a duba mahaɗar.