Ko Kun Sani? Ramin Kaya Ya Tsira, Kicin Ya Faɗi

Yawancin kwalliyar da ake gani cikin motar baje koli ba ta isa hannun mai saye. Da zarar an zo lissafin kuɗin ƙira da dokokin kariya daga haɗari, sai a yi ta zaftarewa.

Motar a-kori-kura mai lantarki ta kamfanin Rivian na Amurka, wato R1T, ta ɗan saɓa wa wannan. Lokacin da aka nuna ta a Los Anjeles a 2018, akwai wani dogon rami da ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe, tsakanin kujerun baya da bodi. Da aka fara sayar da ita a 2021, ramin na nan daram, yana cin kayan da suka haura lita 300. Dalili kuwa, batirin shimfiɗe yake a ƙasa, babu tankin mai da zai tare wurin. Murfin ramin ma ana zama a kai.

Kicin ɗin da aka tsara a riƙa zaro shi daga ramin, mai murhu biyu da wurin wanke-wanke, shi ne bai yi ƙarko ba: kamfanin ya janye shi.